Goggo Turai Ta Dawo Daga Faransa

Tun daga tashar Piccadilly ta Manchester har jirgin ƙasa ya shiga Birmingham, inda iyayenta suke, Zinatu ba ta ɗago kanta daga jikin taga ba. Gajiya ce irin wadda barci ba ya maganinta. A satin nan aka sake tara su a ofis, manaja ta tsaya tana murza hannu tana ba su haƙuri, wai council, hukumar garin, ba ta da kuɗi, za a rufe cibiyar tsofaffin da suke kula da ita a Ardwick. Wanda zai tsira da aikinsa sai yadda Allah ya yi.

Duk da haka ba aikin ne ya hana ta karyawa da safe ba. Yau Goggo Turai za ta faɗi abin da ta gano game da Maharazu, mai neman auren Zinatu.

Shekara ta biyu ke nan ana abu ɗaya. Maharazu tarihi ya karanta, yana aiki a wani ƙaramin gidan tarihi, gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka garƙame wurin. Da zaman ya ishe shi ya koyi tuƙin babbar mota, wani ɗan kamfani ya ɗauke shi yana kwasar tsofaffin Turawa 'yan fansho zuwa Faransa. Shi ne direba, in an tsaya kuma shi ne mai zagayawa da su tsofaffin garuruwa da gidajen sarakunan da. Ya yi mako a hanya, ya leƙo gida, ya sake juyawa.

Mahaifinta, Dakta Sunusi, cewa yake shi ba ya raina sana'a.

"Amma a ina zan yi bincike?" in ji shi. "Na aika unguwarsu Moss Side, maƙwabtansa ba su san kamanninsa ba. Na tambayi liman, ya ce yana ganinsa kamar jinjirin wata. Haka ake ba da 'ya?"

Ga kuma Abdulsalam a gefe, ɗan amininsa Alhaji Ɗantani. Akanta ne, da gidansa da motarsa, duk Juma'a yana sahun gaba. Zinatu ta nemi laifinsa har ta gaji ba ta samu ba, rashin laifin nasa ma ya fi komai gajiyar da ita.

Ana cikin haka Goggo Turai, yayar Abba, ta ce magabata sun faɗa, ba ka san mutum ba sai kun yi tafiya tare. Tunda yaron ba ya zama, ita za ta bi shi. Ta sa Zinatu ta rantse ba za ta tsegunta masa ba, ta sayi kujera a motar tasa, ta ɗaure akwatinta da gwiwarta mai ciwo ta tafi Faransa bincike.

A falo Zinatu ta same su, Abba da Umma da Goggo. Goggo ta miƙe ƙafa a kan kujera 'yar tsugunno, ɗakin duk ƙamshin man zafi. Zinatu ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta koma kusa da ƙafar Umma ta zauna.

"Goggo, ya gajiyar hanya?"

"Gajiya ai tana nan ba ta je ko'ina ba. Ke kika ja min, 'yar nema. Da tsufana an sa ni hawan dutse kamar akuya."

"Yaya, a bar wasa," Abba ya ce yana duba agogo. "Na ce wa yaron ya zo bayan la'asar ya ji matsayinsa. Me kika gani?"

"Likita, ba clinic ɗinka muke ba da za ka ba ni minti goma. Ka bari in faɗa yadda na ga dama."

Sai ta kama daga farko. Yadda aka shiga da motar cikin jirgin ruwa, ita tana ta salati tsofaffin suna cin biskit. Garin Rouen mai lunguna kamar na cikin birni, gidajen katako sun karkace suna jingina da juna, da wani ƙaton agogo a saman hanya mai hannu ɗaya tak. Burodinsu kuwa in ka buga wa mutum sai an kai shi asibiti. Akwai wani cuku da aka ajiye mata, ta ce daddawa ta fi shi kunya.

Ta juya wajen Umma. "Sai wani gidan sarauta, Chenonceau, a kan kogi aka gina shi, Rabi'a. Kina tsaye a falo ruwa na wucewa ta ƙarƙashinki. Na ce waɗannan ba su san sauro ba. Wasu ƙauyukan kuma cikin dutse suka fafe suka yi ɗakuna, da labule da tukunyar fulawa a ƙofa."

Umma ta yi dariya. Zinatu ba ta iya ba, yatsunta kawai take murzawa.

"Shi fa?" Abba ya ce.

"Ina zuwa. Da na hau motar cewa na yi sunana Mrs Sanda, na ƙi yin Hausa, Turanci kawai nake zuba masa. Ya yi min ladabi ya ƙyale ni. Har muka je wani ƙauye, Rocamadour, wanda aka manna shi a jikin dutse kamar sheƙar zanzaro. Matakala ce ba iyaka. Akwai lift, amma na ga wata tsohuwa da ta girme ni ta kama hawa, na ce wallahi ba za ta fi ni ba. Muna tsakiya gwiwar nan ta ce ba ta san zancen ba. Ban san sanda na ce wash Allah na mutu ba. Sai na ji daga bayana an ce, sannu Goggo, dafa kafaɗata."

Zinatu ta ɗago da sauri.

"Wallahi Goggo ban faɗa masa ba."

"Na sani. Cewa ya yi tun ranar da na hau ya ga goshinki a fuskata."

Abba ya tafa hannu ya jingina da kujera.

"Shi ke nan, bincike ya lalace. Wanda ya san ana kallonsa, ko ɓarawo ne sai ya yi sallar walaha."

"Sunusi, na goya ka, kar ka koya min sanin mutane." Muryar Goggo ta sauya, wasan ya fita daga cikinta. "Abin da ya yi a gabana ban sa shi a lissafi ba. Sallarsa a bayan mota, da ƙin taɓa kwalaben giyar da suke saya, duk na ce wataƙila don ni ne. Amma akwai wani dattijo a cikinmu, Bartholomew, matarsa ta rasu bara, shi kaɗai ya zo. Rannan a kasuwar wani gari ya ɓace. Yaron nan ya ce mu zauna mu sha shayi, ya tafi. Da suka dawo ya ce wai dattijon ya tsaya kallon kogi ne. Ni dai na lura wandon da ke jikin tsohon ya yi masa tsawo, har an naɗe ƙafar."

Ta gyara zaman ƙafarta.

"Da yamma na zagaya bayan masaukinmu neman inda zan shanya ɗankwalina. Sai ga shi a tsugune gaban famfo yana wanke wandon tsohon da hannunsa. Larura ce ta kama bawan Allah a cikin mutane, ya rasa inda zai sa kansa. Yaron bai gan ni ba, na koma da baya. Har muka rabu bai faɗa wa kowa ba. Wannan shi ne bincikena. In kana da wanda ya fi shi, kawo."

Umma ta share ido da gefen mayafi. Abba ya daɗe yana kallon kafet.

"Na ji," ya ce a ƙarshe. "Ban da ta cewa a kan halinsa. Amma sharaɗina yana nan, na kuma faɗa masa tun bara. Ba zan ba da 'yata ga mutumin da ke kwana a wata ƙasa ita tana kwana a wata ba. Ya ajiye yawon nan, a sa rana. In bai ajiye ba, Alhaji Ɗantani yana jiran wayata yau. Na gaji da ba shi haƙuri."

"Ya riga ya ajiye," Goggo ta ce. "Tafiyarmu ce ta ƙarshe. Ya ba su notice, ya samu tuƙin bas a cikin Manchester."

"Alhamdulillahi!" Umma ta ce, ta rungumo kan Zinatu. "Kin ji ko? An gama, 'yar nan. An gama."

Kuka ya ƙwace wa Zinatu. Daɗi ne, amma ya zo mata a gajiye, kamar wanda ya sauke kaya bayan wuyansa ya riga ya sage. Ta tuna ƙofar firij ɗinta a gidanta na Withington, cike da 'yan hotunan nan masu maganaɗisu da yake kawo mata tsaraba, kowane gari da nasa. Da farko tana murna da su. Daga baya ta koma in ta kalle su ba ta ganin komai sai makonnin da ba ya nan. Ita da bakinta ta taɓa ce masa mutum take so, ba ƙarafunan firij ba.

"Zo ki kama ni," Goggo ta ce. "Shayin uwarki ba ya jin citta, ni zan haɗa da kaina."

Suna shiga kicin Goggo ta tura ƙofa. Ba ta ko kalli butar shayi ba. Ta zuge jakarta ta zaro wata takarda mai kauri a ninke, ta ajiye a kan tebur.

Zinatu ta gane ta nan take. Taswirar Faransa ce, wadda ba ya rabuwa da ita ko da yake motar na da na'urar nuna hanya. Duk maninkarta ta tsage an liƙe da salatif, gefenta ya yi baƙi da hannu.

"Tsarabarki ce. Ya ce wannan karon bai sayo na firij ba. Wai ki shimfiɗa ta a ƙasan kwaba ki jera kofuna, takardar tana da kyau."

Zinatu ta tsaya tana kallon taswirar, ba ta taɓa ba.

"An aike ni in faɗi abin da na gani," Goggo ta ce. "Na ba ubanki rabinsa. Wannan rabin naki ne."

"Goggo, don Allah..."

"Tsaya ki ji. Kin taɓa ganinsa a bakin aikinsa?"

"Ina zan gan shi? Ba a ɗaura ba."

"To ni na gani. Yaron da ke zuwa gaishe da ubanki yana sunkuyar da kai kamar marar gaskiya, ba shi ne a can ba. In ya tsaya gaban ganuwa ya fara magana, sai ki rantse a gidan aka haife shi. Wa ya gina, wa ya ci amanar wa, ta wace taga aka zura igiya. Tsofaffin nan masu sanda har rige-rige suke su tsaya kusa da shi. Ni da na je kama shi da laifi sai na tsinci kaina ina tambaya, sannan sai aka yi yaya?"

"Na san yana son aikin."

"Ba ki sani ba. A hanyar dawowa muka yada zango a Chinon, wani gari a bakin kogi, gidan sarautar yana bisa tudu, rabinsa kufai. Da la'asar kowa ya sauka gari sayen tsaraba, ni gwiwa ta zaunar da ni a kan benci. Ina kallonsa ya bi bangon nan a hankali, tafin hannunsa a jikin dutse, tun daga wannan kusurwa har waccan. Ya tsaya ya daɗe yana kallon rufin gidajen da kogin. Da ya juyo ya gan ni sai ya ce iska ce ta shigar masa ido. Zinatu, na yi wa mutane da yawa rakiya a rayuwata. Na san bankwana in na gan ta."

Hawayen da suka tsaya suka dawo sabo. Zinatu ta zame ta zauna a kujera.

"To me kike so in yi, Goggo? Me kuke so da ni ne? Na gaji! Wallahi na gaji. A wurin aiki kullum meeting, ban san ko ina da aiki wata mai zuwa ba. In na dawo flat ba kowa sai firij. Na zo gida Abba ya ce Abdulsalam, Umma ta ce shekaruna. Ƙannena sun yi aure ina kallo. Yau ɗaya da aka ce min an gama, ko awa ba a yi ba kin zo kin ce ba a gama ba."

"Ban ce ki yi komai ba."

"Ni na ce ya bari? Abba ne ya sa sharaɗi."

Goggo ta dube ta kawai. Zinatu ta kawar da kai, don ta san ba Abba kaɗai ba ne.

"Zai zauna," Goggo ta ce a hankali. "Yana sonki, wannan ba shakka. Zai yi ta zagaye da bas daga Moss Side zuwa cikin gari, ya dawo ya ci tuwonki ya ce an gode. Ba zai taɓa yi miki gori ba, ba halinsa ba ne. Wanda ya ɓoye wandon wani zai ɓoye ciwonsa. Shi ne abin da ya ba ni tsoro."

"In na ce ya koma, Abba zai kira Alhaji Ɗantani. Kin ji shi da kunnenki."

"Na ji."

"Ke ba za ki hana shi ba? Yayarsa ce ke."

"Na ci albarkacin girma sau ɗaya, ya bar ni na je. Kin san ubanki, in ya furta ya furta. Zan yi magana, amma ba zan yi miki ƙaryar zai ji ba." Ta dafa kanta. "Kina iya shimfiɗa ta a kwaba, 'yata. Ba wanda zai ce kin yi laifi, har ni. Na dai ƙi ne ki shimfiɗa ba ki san me kike shimfiɗawa ba."

Ta kunna butar shayi, ta ja ƙafa ta fita.

Zinatu ta buɗe taswirar. Ga hanyoyin nan ya bi su da jan biro, wasu har sun huje. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba sabon labari Goggo ta kawo mata ba. Ta san wancan Maharazun, na bayan rufe gidan tarihi, don a lokacin suka haɗu. Ya rame, ba ya haɗa ido da mutane, in ta tambaye shi ya yake sai ya ce lafiya lau da murmushin da bai wuce leɓe ba. Irin murmushin take gani a fuskar tsofaffinta na Ardwick tun da aka ce musu za a rufe, a kai su inda ya fi. Ranar da ya dawo daga tafiyarsa ta farko kuwa, a tsaye ya ba ta labari, ya kasa zama, shayinsa ya huce bai sani ba. A ranar ta tabbatar shi za ta aura.

Butar ta tafasa ta kashe kanta. Zinatu ta wanke fuska a famfo, ta ninke taswirar yadda take.

Da ta koma falo Umma har ta fara lissafa mutanen Kano da za a kira. Zinatu ta wuce ta durƙusa a gaban Abba, ta ajiye taswirar kusa da ƙafarsa.

"Abba, ina neman alfarma."

"Ina ji."

"A janye sharaɗin. A bar shi da aikinsa."

Umma ta saki baki. "Ke! Kina da hankali kuwa?"

"Ba ke ce kike kuka ba ya zama ba?" Abba ya ce. Bai ɗaga murya ba, hakan ya fi faɗa ban tsoro.

"Ni ce, Abba. Har gobe zan yi kukan. Zan gaji, zan yi mita, wataƙila wata rana in yi da-na-sani. Amma na san shi sanda ba shi da wannan aikin, na ga yadda yake. Ban iya zama da shi a haka ina sane ni na mayar da shi ba. In sai an kashe masa zuciya za a ba ni shi, Abba, gara a bar shi da ransa ko da ba ni ba."

"Kin san abin da na ce zan yi."

"Na sani."

"Sunusi," Goggo ta fara.

"Yaya, kin yi naki, na gode." Ya miƙa hannu. "Rabi'a, ba ni wayata."

Umma ba ta motsa ba, hawaye kawai take. Ya tashi da kansa ya ɗauko ta daga kan talabijin, ya sa tabarau, ya fara neman lambar a hankali, kamar mai ba wa wani dama ya tsayar da shi. Kalma ɗaya ce, Zinatu ta ce ta janye, komai ya koma daidai. Ta cije leɓe ta riƙe ta.

Sai ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.

Daga inda take durƙushe tana hango ƙofar gidan ta cikin corridor. A bayan gilashin mai dishi-dishi ga inuwar mutum dogo, ya sa manyan kaya, yana ta gyara zaman hularsa da hannu biyu irin na wanda ya zo karɓar albishir. Ya taho tun daga Manchester ya faɗa wa Abba ya cika sharaɗi.

Abba ya tsaya da yatsa a kan wayar, ya dube ta ta saman tabarau.

"Tashi ki buɗe masa," ya ce. "Ki faɗa masa da bakinki abin da kika zaɓar masa."

Zinatu ta ɗauki taswirar ta miƙe. Tana isa ƙofa ta ji muryarsa ta cikin gilashi, cike da fara'a, yana sallama.

Ta rungume taswirar a ƙirjinta, ta amsa masa, ta murɗa makulli.